Kujerun Mesa

Shagon Mai Soso yana kallon katangar bayan filin shaƙatawa ne, titi ɗaya kawai ya raba su. Sana'arta ɗinkin kujerun mota da sirdin babur, kuma tun tana budurwa take yi, ga shi yanzu har 'yarta ta fari ta shiga jami'a. A hannun mahaifinta ta koya. Shi Baba idanunsa sun yi rauni, ba ya bambance allura da tsinke sai ya taɓa, amma kullum da safe sai ya zo ya zauna a kan tsohuwar kujerar bas da ke bakin ƙofar shagon, yana sauraron keken ɗinki. Idan zare ya yi sako-sako, kafin ta lura shi ya riga ya ji a kunnensa.

"Uwata, ɗaure zaren ƙasa," zai ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ita kuwa sai ta ɗaure ba tare da ta duba ba, don ta san ba ya kuskure.

Wata ranar Litinin aka wayi gari an kafa wani ƙaton allo a saman katangar. A jikinsa an zana layin dogo da ya tashi sama ya wuce bene mai hawa shida, ya gangaro, ya nannaɗe kansa sau biyu, ga wani ɗan jirgi a kai cike da mutane baki buɗe. A ƙasa an rubuta cewa baɗi za a buɗe shi. Mai faci da ke maƙwabtaka da ita ya daɗe tsaye yana kallo, hannu a ƙugu, sannan ya ce wannan ai mesa ce. Kamfanin ya sa wa abin wani dogon suna nasa, amma babu wanda ya riƙe shi a layin. Mesa ce kawai.

Daga ranar layin ya samu abin musu. Mai aski ya ce shi ya ga alluna irin wannan da yawa, rana ce za ta cinye zanen kafin a kafa ƙarfe ɗaya. Mai faci ya ce za a gama, amma babu mai hankalin da zai hau. Mai Soso kuwa sai ta matsar da kekenta kusa da taga.

Ƙaninta, Auta, direban injin ɗaga ƙarfe ne, kuma yana cikin waɗanda kamfanin ya ɗauka. Da rana yakan tsallako titi ya ci abinci a shagon, ya sauke musu labari. Wata uku babu abin da ake yi sai haƙa ramuka da zuba kankare, daga waje ba a ganin komai, mai aski yana ta murmushi. Sai wata safiya ginshiƙi na farko ya leƙo ta saman katanga, mai launin rawaya. Bayan mako guda sun zama shida.

"Yau ina Mesa ta kai?" Baba yakan tambaya da zarar ya zauna.

"Ta wuce turken wuta, Baba."

Bayan wata biyu ta ce masa ta wuce tankin ruwa. Daga nan babu sauran abin kwatance a unguwar, sai ta koma cewa ta ƙara kamu kaza. Ranar da Auta ya ɗaga gaɓar ƙarshe ta layin dogon ya ɗora a can ƙololuwa, duk layin aka bar aiki aka fito. Mai aski ya bar wani mutum da rabin kai a aske. Ƙarfen yana lilo a sama a hankali, masu walda biyu suna jiransa a ɗaure da igiya, ƙanana kamar tsuntsaye a kan waya. Mai Soso ba ta san ta damƙe hannun Baba ba sai da ya ce ta sassauta, yatsun nan yana da sauran amfani da su. Da gaɓar ta zauna daram, ma'aikata suka yi ta buga guduma a ƙarfe, layin kuma ya amsa da tafi.

Saura kwana ashirin a buɗe, Auta ya shigo shagon ba a lokacin abinci ba, a bayansa da wani siririn mutum sanye da hular kwano. Injiniyan aikin ne. Ya gaida Baba da ladabi, ya rage tsawo.

"Baba, an ce kai ne gwanin kujeru a layin nan."

"An faɗa maka gaskiya," in ji Baba, "amma ka makara da shekara goma. Ga wadda ta karɓe ni can."

Injiniya ya juya ya dubi Mai Soso, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Kwantenar da ta ɗauko matasan kujerun jirgin ta sha ruwa a hanya, ta kuma daɗe a rana. Da aka buɗe ta jiya, leda duk ta tsattsage, soso ya ruɓe yana wari. Kafin sababbi su iso sai an yi wata uku. Kujeru ashirin da huɗu ne, kowacce da mazauni, da majingina, da matashin ƙarfen da ke danne cinyar mutum don kada ya fita. Kuma babu wanda zai hau sai sufeton da ke duba lafiyar injuna ta gwada ta sa hannu.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Ban taɓa ba wa shago irin wannan aikin nan ba. Ƙaninki ne ya hana ni sakat."

"Ni ma ban taɓa yin irinsa ba," ta ce. "Mu je in ga kujerun."

Wata goma sha huɗu tana kallon Mesa ta taga, amma ranar ce ta fara tsayawa a ƙarƙashinta. Ta ɗora hular kwano a kan ɗankwalinta, ta ɗaga kai har wuyanta ya ƙage. Jirgin yana ajiye a rumfarsa, ja wur, kujerunsa ƙarfe tsirara. Ta shiga ɗaya ta zauna, ta sa aka sauke mata ƙarfen cinya, ta auna ko'ina da tef, ta yanka kwali daidai da kowace kwana. Injiniya ya kawo mata leda mai kauri da ba ta jin ruwa, da soso iri biyu daga rumbun kamfanin. Kwana biyu ta yi tana ɗinka na gwaji. Ba ta taɓa yin ɗinki mai kyan wannan ba, ta matse shi ƙwarai, ko farce ba zai shiga tsakani ba.

Sufeto mace ce, gajera, mai tabarau, wadda ba ta ɓata magana. Ta karɓi matashin, ta juya shi, ta ɗaura shi a wani inji mai dannawa yana ja. Ta murɗa. Allurar ma'aunin injin ba ta kai rabi ba aka ji ɓarat, gefen mazaunin ya buɗe baki, soso ya leƙo.

"Ba zan sa hannu a kan wannan ba," in ji Sufeto. Ta miƙa mata abinta. "In kina da wani, ina nan har jibi."

Tsallaka titin nan ya yi wa Mai Soso nisa ranar. Duk layin ya san inda ta je, kuma kowa ya ga abin da ta rungumo. Mai aski, da ba ya rasa ta cewa, ya sunkuyar da kai yana wasa aska, wannan kuwa ya fi mata ciwo a kan ya yi magana. Ta ajiye matashin a cinyar Baba ta shige ciki ta zauna.

Baba ya bi yagewar da yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake dawowa.

"Zarenki bai tsinke ba, Uwata. Ledar ce ta yage ta bin ramin allura. Kin jera ramukan kusa da kusa, kin yi mata layi kamar takardar da ake so a yaga."

"Don ya yi ƙarfi na matse."

"Don kina tsoro kika matse. Buɗa shi."

Ta fito ta karɓi matashin ta duba. Maganarsa gaskiya ce, amma ta ga ba ita kaɗai ba ce. Ko ta buɗa ɗinkin, bai kamata ya zauna inda nauyin mutum yake faɗawa ba. To ina nauyin yake faɗawa? A mota ta sani, mutum ƙasa yake dannawa. Amma wannan abin yana wurga mutum gefe, ya ɗaga shi, ya kife shi. Shekara ashirin da biyar tana ɗinka wa mutanen da ke zaune lafiya.

Ta koma wurin Injiniya ta ce a ɗora ta a jirgin sau ɗaya ta ji da jikinta. Ya ce ko shi kansa ba shi da izinin hawa, buhunan yashi kawai ake ɗaurawa a kujerun ana gwaji. Ta tsaya tana kallon ma'aikata suna ɗaure buhunan, kowanne nauyin babban mutum. Can sai ta ce su dakata mata minti goma. Ta tsallaka shago ta kwaso allin da take zana leda da shi, shuɗi, ta daka shi ya zama gari, ta dawo ta shafe kujeru huɗu da shi tas, biyu a gaba, biyu a baya. Sannan ta ce a ɗora buhunan.

Jirgin ya tafi da ƙararsa ya dawo. Da aka sauke buhunan, sai ga abin a rubuce ƙarara. Tsakiyar mazaunin, inda ta zuba duk ƙarfinta, allin yana nan kusan yadda ta shafa shi. Gefen hagu da leɓen gaba kuwa an goge su fes, har ƙarfen yana ƙyalli. Daidai nan ta bi da ɗinkinta na farko.

Injiniya ya durƙusa yana kallo. Ya ciro wayarsa ya ɗauki hoto. "Ni da na'ura nake auna wannan," ya ce, "kuma sai in kwana uku ina lissafi."

Na biyun da ta yi, falle ɗaya ta yanka, ta naɗe shi ta kai ɗinkin can ƙarƙashi ta baya inda ba abin da ke taɓa shi, ta buɗa ramukan, ta bi layi biyu. A gefen hagu da leɓen gaba ta sa soso mai tauri, mai laushin ta bar shi a tsakiya. Sufeto ta ɗaura shi a injin ta murɗa. Allura ta wuce rabi. Ta ƙara murɗawa har allurar ta kai ƙarshe ta tsaya, injin yana gurnani. Ta kwance shi, ta kwara masa bokitin ruwa, ta matsa ta ga ko ya sha. Sannan ta ɗora shi a benci ta zauna a kai da kanta, ta karkata hagu, ta karkata dama.

"Guda nawa za ki iya irin wannan?"

"Duka."

"Kowanne sai na gwada shi."

"Ki gwada, ranki ya daɗe."

A hanyar dawowa ne ta tuna cewa hannu biyu gare ta, kwanakin da suka rage kuma goma sha biyar ne. Ba ta shiga shago ba, ta zarce ƙarshen layin inda sauran masu ɗinkin kujeru uku suke. Babbansu shi ne Dogo, wanda ya taɓa gaya wa wani direba a gabanta cewa ɗinkin mace a rigar matashi ya kamata ya tsaya. Ta same shi yana cire ƙusoshi daga wata kujera. Ta ajiye masa matashin a kan teburi. Ya ɗauka, ya juya, ya nemi ɗinkin bai gan shi ba sai da ya kifa shi.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Buhun yashi. Ina neman kekuna uku da masu su, daga gobe. Ni zan yanka, ni zan faɗi inda allura za ta bi. In ba za ka iya aiki a ƙarƙashin mace ba, ka faɗa mini yanzu in nemi wani."

Dogo ya sosa ƙeya. Washegari da sassafe sai ga shi yana turo kekensa a baro, sauran biyun suna biye.

Shagon bai taɓa cika haka ba. Kekuna huɗu suna tafiya daga hantsi har rana ta yi sanyi, warin gam ya cika layin, mai faci ya ba su aron rumfarsa suka jibge soso. Duk wanda aka gama, sai an ɗora shi a cinyar Baba. Yakan bi shi da yatsu a hankali, in ya gamsu ya ajiye a dama, in bai gamsu ba ya ajiye a hagu ba tare da ya tambayi na wane ne ba. Sau biyu na Dogo yana zuwa hagu.

"Haba Baba, wannan ai ko Sufeton ba za ta gani ba."

"Ni ma ban gani ba," in ji Baba. "Ji na yi. Warware."

Saura kwana biyu suka gama. Sufeto ta cika alkawari, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, wuni guda cur. Guda ɗaya tak ta mayar, wani matashin cinya da bakinsa ya ɗan karkace, kuma da aka duba, na Mai Soso ne da kanta. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ko bai ci abinci ba ya ƙoshi. Ita ma ta yi dariyar, ta warware ta sake ɗinkawa a gabansu. Da la'asar Sufeto ta ciro biro ta sa hannu.

Ranar buɗewa, kafin hantsi layin mutane ya zagayo katanga har ya toshe ƙofar shagonta. Kamfanin ya ce hawan farko na ma'aikata ne da iyalansu, Injiniya kuma ya aiko mata da katin kujeru biyu na gaba. Ta yi niyyar ba wa 'yarta da Auta, ita ta tsaya a ƙasa inda Allah ya ajiye ta. Sai ga Baba ya iso cikin sababbin kayansa, har da turare.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Wata goma sha huɗu kina ba ni labarin abu. Yau zan je in ji da kaina."

Injiniya ya so ya hana, ya yi ta kame-kame, ya kira Sufeto ko za ta raba gardama. Ta dubi Baba ta saman tabarau, ta tambaye shi zuciya, ta tambaye shi baya da wuya da hawan jini. Ya ce likita ya duba shi watan jiya, duk lafiya lau, idanu ne kawai suka yi ritaya.

"Kuma a nan ai riba ce," ya ƙara. "Su za su ga abin tsoro, ni iska kawai zan sha."

Karo na farko kenan da aka ga haƙoran Sufeto. Ta ce ya hau, amma sai da wani nasa a gefe. Duk aka juyo aka dubi Mai Soso.

Haka ta tsinci kanta a kujerar gaba, ƙarfe ya danne mata cinya, matashin da ta ɗinka da hannunta yana tokare da ita. Auta da 'yarta suna bayansu, Dogo yana can kujerar ƙarshe yana ta addu'a a fili. Jirgin ya fara hawa, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali kamar mai jan rai. Katanga ta yi ƙasa, tankin ruwa ya yi ƙasa. Daga ƙololuwa ta hango layinsu gaba ɗaya, rufin shagonta ɗan mitsitsi da tsatsa a gefe guda, mutane kamar an watsa tsaba. 

"Mun kai?" in ji Baba.

 Jirgin ya sunkuya ya saki kansa. Iska ta fizge ihun da ta yi ta wuce da shi baya. A kwanar farko ta ji duk nauyinta ya faɗa gefen hagu, daidai inda allin ya goge, soso mai taurin ya tare ta ya riƙe. Duk da tsoron da take ciki sai da ta lura da wannan. Sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama, sau biyu. A gefenta Baba dariya yake yi, irin wadda rabon da ta ji ta tun mahaifiyarta tana da rai.

Da jirgin ya tsaya a rumfarsa, ma'aikata suka ɗauki tafi. Auta ya kama hannun Mai Soso ya sauko da ita. Ɗankwalinta ya tafi, 'yarta ta yafa mata nata mayafin. Dogo ya sauko yana tangaɗi, ya ce shi da wannan abu sai dai a gaisa daga nesa, amma kujerar da ya zauna a kai ya gane ta, tasa ce, kuma ba ta motsa ba.

Injiniya ya karɓi lasifika yana gode wa waɗanda suka yi aikin, masu kankare, masu walda, direbobi. Da ya zo kan kujeru sai ya nuna ta da hannu, ya ce duk wanda ya zauna a jirgin nan yau, a kan aikin matar nan ya zauna, shagonta kuma ga shi can tsallaken titi. Mutanen da ke layi suka juya suna leƙen shagon. Mai faci da mai aski, da suka hau katanga don kallo, suka yi ta ɗaga hannu kamar su aka ambata. Mai Soso ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta ja mayafin ta rufe baki, amma idanunta sun tona ta.

Ta juya za ta kama hannun Baba su tafi gida, sai ta ga babu shi a inda ta bar shi. Can ta hango shi a ƙarshen layin masu jira, ya dafa kafaɗar wani mutum da bai sani ba, yana yi masa bayanin cewa kwana ta biyu ta fi ta farko daɗi, kuma ya nemi kujerar gaba in ya samu.

"Baba, layin nan sai ya kai azahar."

"Ina da wani aiki ne?"

Ta dubi tsawon layin, ta dubi jirgin da ya sake ɗaukar wasu yana hawa da su suna ta ihu tun kafin a kai ko'ina. Ta miƙa wa 'yarta mabuɗin shago, ta ce ta je ta gaya wa duk wanda ya zo cewa yau ba a aiki. Sannan ta ɗaure mayafin tamau a haɓa, ta shiga layi a bayan mahaifinta.